Rajistar Fada Drumont: Sake Karanta Littafin Mongo Beti

A shekarar 1956 wani saurayi ɗan Kamaru mai shekara 24, wanda yake karatu a Faransa, ya fitar da ƙagaggen labari cikin Faransanci mai suna Le Pauvre Christ de Bomba, watau Almasihun Bomba abin tausayi. Sunansa na ainihi Alexandre Biyidi, amma da Mongo Beti duniya ta san shi. An haife shi a 1932 a ƙauyen Akometam kusa da Mbalmayo, a kudancin ƙasar, kuma a makarantar mishan ya fara karatu. Littafin bai yi wa shugabannin Ikilisiya na wancan zamani daɗi ba ko kaɗan, har suka matsa wa hukumar mulkin mallaka ta hana shi yawo a cikin Kamaru. Daga baya Gerald Moore ya juya shi zuwa Turanci, aka buga a 1971, ya shiga makarantun ƙasashen Afirka da dama.

Tun daga lokacin masu karatu suka rabu gida biyu. Waɗansu Kirista sun ɗauke shi littafin zagin addini, suna gudunsa ba tare da sun buɗe ba. Waɗansu kuwa, musamman 'yan boko masu adawa da mulkin Turawa, sun yi murna da shi domin a ganinsu mari ne aka shara wa mishan. Dukansu biyu sun yi sauri. Wanda ya zauna ya karanta shi a hankali zai tarar cewa yawancin shafukansa a kan aikin ikilisiya na yau da kullum suke: rangadin ƙauyuka, duba rajista, karɓar kuɗin coci, sauraron masu furta zunubi, sasanta miji da mata, shirya 'yan mata domin aure. Beti ya san waɗannan abubuwa daga ciki, gama cikinsu ya tashi. Tambayar da littafin ya ɗora a gaban mai karatu kuwa tambaya ce ta kiwon garke: yaya mutum zai yi shekara 20 yana hidima ga jama'a da dukan ƙarfinsa, ba ya sata, ba ya lalaci, amma ya tashi bai san su ba?

Labarin ya faru ne a shekarun 1930. Fada Drumont, Bafaranshe, shi ne babban fada na mishan ɗin Bomba, kuma shi ya gina ta. Akwai wani yanki cikin kurmi da ake kira ƙasar Tala, wanda mutanensa suka yi sanyi da addini. Sai fada ya yanke shawarar horonsu ta hanyar ƙaurace musu shekara uku, yana zaton ƙishin Maganar Allah zai kama su su tuba. Da wa'adin ya cika ya hau kekensa ya fita rangadi na kimanin mako biyu domin ya ga amfanin horon. Tare da shi akwai kukunsa Zacharie da kuma yaronsa Denis, ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, mai taimaka masa wajen Misa. Abin da suka tarar ya saɓa wa zatonsa. Ɗakunan sujada sun lalace, maza sun ƙara mata, kuɗin koko ya shigo, ana sayen kekuna da sauran kayan zamani, kuma ba wanda ya yi kewar fada sai 'yan tsofaffin mata.

Babbar dabarar marubucin ita ce bai ba da labarin da bakinsa ba. Ya sa shi a hannun Denis, wanda yake rubuta abin da ya gani kowace rana kafin ya kwanta. Denis yana ƙaunar fada ƙauna marar iyaka. A idonsa fada kamar Yesu yake, ga gemu, ga farar riga, ga murya mai sa tsoro, kuma ba ya ganin laifin yaran da suke kiransa da wannan suna. Duk abin da fada ya yi daidai ne, duk wanda ya ja da shi kuma batacce ne. Saboda haka yaron yakan rubuta abu yana yabo, mai karatu kuwa yana karantawa jikinsa na yin sanyi. Wannan ya fi zagi kaifi. Da Beti ya sa wani maƙiyin mishan ya ba da labarin, da Kirista ya sami hanyar kuɓuta, ya ce ai ƙiyayya ce. Amma shaidar masoyi ba ta da sauƙin turewa.

A kowane ƙauye tsarin ziyarar ɗaya ne, kuma marubucin ya maimaita shi da gangan har ya gundiri mai karatu. Fada ya iso, katikis, watau malamin addini na ƙauyen, ya fito ya tarye shi, a buɗe littafin rajista. Wa ya biya kuɗin coci na shekara, wa bai biya ba? Wa ya ƙara mace? Wace yarinya ce ta haihu ba aure? Daga nan sai faɗa daga kan bagade, sai hukunci, sai a ɗaure kaya a wuce ƙauye na gaba. Ba laifi ba ne ikilisiya ta riƙe rajista. Duk wanda ya taɓa neman takardar baftisma domin aure ya san darajar littafin da aka rubuta da kyau, kuma ikilisiyar da ba ta karɓar gudummawa ba za ta iya yi wa ɗakin sujada jinka ba. Matsalar Drumont ita ce rajistar ta zama idonsa da kunnensa. Abin da ba shi da gurbi a cikinta bai faru ba. Ba ta da gurbin rubuta wanda ɗansa ya mutu, ko matar da mijinta yake duka, ko dalilin da ya sa tsohuwa ta kasa biyan kuɗi. A duk rangadin da wuya a ga fada ya shiga gidan wani ya zauna domin gaisuwa kawai. Mutane ne ake kawo masa, kamar yadda ake kai masu ƙara gaban alƙali.

Akwai wani dare da ya ji kiɗa yana tashi a wani ƙauye, a ranar da yake ganin bai kamata a yi rawa ba. Ya tafi a fusace ya farfasa kayan kiɗan, har sarkin ƙauyen ya tashi zai far masa aka riƙe shi. Mutanen da ke rawar ba ma duka Kirista ba ne. Masu sharhi sukan kawo wannan wuri a matsayin misalin raina al'adar baƙar fata, kuma haka ne. Amma akwai wani abu ƙari. Fada bai tambayi abin da ake yi wa biki ba. Mutumin da ya shekara 20 a ƙasa, yana jin harshenta, ya ji ganga cikin dare, abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi ne an karya doka.

Wurin da littafin ya fi nauyi ga mai tunanin addini shi ne zancen hanya. Denis ya lura, cikin rashin wayonsa, cewa Kirista na kirki su ne mazauna bakin babbar hanya, inda Turawa suke kama mutane aikin dole, su kuwa mutanen Tala da suke cikin kurmi da kuɗin kokonsu ba ruwansu da coci. Sai ya kammala cewa wahala ce take kawo mutum wurin Allah, har yana yi wa mutanen Tala fatan masifa domin su shiryu. Ga kuma kumandan na yankin, wani saurayi mai suna Vidal, yana zuwa wurin fada da albishir: za a yanka hanya ta ratsa ƙasar Tala, za a kama mutane aiki, in bulala ta taɓa su za su cika masa coci. Wannan ba ƙage ba ne daga sama. Da aikin dole aka ƙarasa hanyar jirgin ƙasa da ta kai Yawunde a 1927, mutane da yawa sun mutu a kanta, kuma sai a 1946 Faransa ta soke wannan tsari a ƙasashen da take mulka. A nan ne Drumont ya fara girgiza. Ya gane cewa cikar cocinsa a bakin hanya ba lallai ne ta zama shaidar bangaskiya ba, mai yiwuwa mafaka ce kawai mutane suka nema. Ya kuma ji daga bakin mutanensa cewa waɗanda suka fara karɓar baftisma sun zo ne da zaton za a buɗe musu asirin ƙarfin Bature, na jirgi da bindiga, sai suka tarar ana ba su labarin Allah wanda kakanninsu ma sun san da shi.

Ya kamata a yaba wa Beti a nan, domin bai mai da fada dodo ba. Ya ba shi hankali da zuciya mai jin zafin gaskiya. Drumont ya ƙi yarda ya zama abokin cinikin kumandan. Mutum ne mai iya tambayar kansa, ko da yake tambayar ta zo a makare.

Amma mugun abin ba a Tala yake ba. Yana cikin gidan mishan, taku kaɗan daga ɗakin kwanan fada. A kudancin Kamaru a wancan zamani mishan tana da wani gida da ake kira siksa, inda duk budurwar da za ta yi auren coci sai ta zauna watanni ana koya mata addini da zaman aure. A kan takarda niyya ce mai kyau, har da nufin kare 'yan mata daga auren dole. A Bomba kuwa 'yan matan siksa su ne leburorin mishan, su ne masu ɗaukar tubali da aikin gini ba lada, kuma akan tsawaita zamansu in aiki ya yi yawa. Fada ya damƙa gidan a hannun wani katikis mai suna Raphael, ya juya baya. A lokacin rangadin ne asiri ya fara tonuwa, sa'ad da aka gane cewa wata 'yar siksa mai suna Catherine tana bin ayarin a ɓoye tana kwana da Zacharie, har ta ja shi kansa Denis cikin zunubi, matar Zacharie kuma ta biyo sawu aka yi dambe a bainar jama'a. Da aka koma Bomba aka bincika, sai ta bayyana cewa Raphael ya daɗe yana rarraba 'yan matan ga maza, ma'aikatan mishan da na waje. Likitan da aka kira ya duba su ya tarar tunjere ya bazu a cikinsu, ɗakunan da suke kwana kuma ko dabba ba a ajiye ta a ciki ba.

Fada bai sani ba. Wannan ita ce kariyarsa, ita ce kuma tuhumar da ta fi kowace nauyi a kansa. Ya yi tafiyar kwanaki cikin kurmi yana farautar masu mata biyu, alhali gidan da shi ya kafa, wanda iyaye suka ba shi amanar 'ya'yansu a ciki, bai taɓa shiga ya duba yadda ake kwana da tashi ba. Kowa a mishan ya sani, kuku ya sani, mataimakin kuku ya sani, 'yan matan sun sani, amma ba wanda ya faɗa masa, domin ya gina gida inda magana take sauka daga sama kawai, ba ta hawa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ɗakin Bomba kuwa sai da rufin ya faɗo masa a ka.

Yadda ya binciki maganar ma ya ƙara nuna halinsa. Ya sa aka riƙa kawo 'yan matan ɗaya bayan ɗaya ana zane su da bulala har su faɗi sunayen mazan. Waɗanda aka zalunta su aka fara hukuntawa, manyan masu laifin kuwa suka sulale suka gudu. Wannan sashe yana da wuyar karantawa, kuma ya ƙara wuya bayan abubuwan da suka fito fili a Ikilisiyar Katolika a ƙasashe da dama, musamman daga 2002, game da yara da raunana da aka ci amanarsu a gidajen da aka ce na kariya ne, shugabanni kuma suka ce ba su sani ba, ko suka fi damuwa da sunan Ikilisiya. Saurayi ɗan shekara 24 ya zana yadda irin wannan ɓarna take samun wurin zama, kusan shekara 50 kafin a yarda a yi zancenta a sarari.

Duk da haka littafin yana da nasa raunin, kuma ba daidai ba ne a rufe ido a kai don kawai an taɓa zaluntarsa. Na farko, hirar fada da Vidal takan yi tsawo har ta koma lacca, kuma da wuya a gaskata cewa yaro kamar Denis zai iya riƙe irin wannan muhawara ya rubuta ta daki-daki alhali ya ce bai fahimce ta ba. A nan hannun marubucin yana fitowa daga bayan labule. Na biyu, matan siksa, waɗanda su ne abin ya fi shafa, ba a ji muryarsu sosai ba sai a ƙarƙashin bulala. Catherine ma an fi nuna ta ta idon yaron da ya ruɗe da ita. Beti ya zargi fada da rashin sauraron mata, shi ma bai ba su wuri mai faɗi ba.

Rauni na uku ya fi girma. A duk faɗin littafin da wuya a sami baligi ɗan ƙasa wanda ya gaskata da Almasihu da saninsa da hankalinsa. Kiristan Bomba ko dai yaro ne marar wayo, ko tsohuwa, ko mai neman abin duniya kamar Zacharie, ko wanda wahala ta koro. Marubuci yana da ikon zaɓen abin da zai nuna, amma tarihin wannan ƙasa a waɗannan shekaru ya fi haka faɗi. 'Yan mishan Katolika na farko, Jamusawa, sun iso a 1890, kuma sa'ad da yaƙin duniya na farko ya kore su, katikis-katikis 'yan ƙasa ne suka riƙe jama'a da addu'a da koyarwa har waɗansu fada suka zo. A ranar 8 ga Disamba 1935, cikin shekarun da labarin yake faruwa, aka naɗa 'yan Kamaru takwas na farko a matsayin fada. A 1955 Paul Etoga ya zama bishop na farko ɗan ƙasa. A shekarar da littafin Beti ya fito kuma, waɗansu fada baƙar fata suka buga nasu littafin a Faris mai suna Des prêtres noirs s'interrogent, suna yin kusan irin tambayoyinsa daga cikin Ikilisiya. Ba ko ɗaya daga irin waɗannan mutane da ya sami shiga Bomba.

Ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ya cancanci a ajiye shi kusa da Drumont domin a gwada. Shi ne Simon Mpeke, wanda aka haifa a 1906 a yankin Edeya. Ya riƙe babbar ikilisiya a unguwar New-Bell ta Duwala, sa'an nan a 1959, yana da shekara fiye da 50, ya bar ta ya tafi arewa mai nisa, ya zauna a Tokombere kusa da Mora, cikin mutanen duwatsu. Jama'a suka sa masa suna Baba Simon. An san shi da yawo ba takalmi, yana hawa duwatsu yana gaishe da mutane a gidajensu, yana zama da masu kula da hadayun gargajiya yana jin abin da suka sani game da Allah, yana kuma matsa wa iyaye su sa yara makaranta. Ya rasu a 1975, kuma a 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ake bi kafin a kai ga ɗaga mutum cikin tsarkaka. Shi ma baƙo ne a inda ya je, harshe dabam, abinci dabam, nisan garinsu kuwa ya fi kilomita dubu. Wannan ya nuna cewa ciwon Drumont ba farar fata ba ce kaɗai, ba kuma baƙunci ba. Fada ɗan ƙasa zai iya zama a ofis da rajista ya maimaita Bomba tsaf, in ya bar katikis da kuku su zama su kaɗai ne tagar da yake leƙen jama'a ta ciki.

Ikilisiya ta sauya abubuwa da yawa tun daga lokacin. Babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofa ga harsunan gida da kiɗan gida cikin Misa, har irin kayan kiɗan da Drumont ya farfasa suka shiga coci a Yawunde. Siksa ta zama tarihi. Bayan taron bishop-bishop na Afirka a 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Yawunde a Satumba 1995 ya sa hannu a kan takardar da ta kira Ikilisiya iyalin Allah, ta kuma ƙarfafa ƙananan ƙungiyoyin Kirista na unguwa, inda mutane za su san juna da suna. Duk wannan amsa ce ga irin kukan da littafin ya yi, ko an ambaci sunansa ko ba a ambata ba. Sai dai yawan ƙauyukan da fada ɗaya yake zagayawa bai ragu ba a wurare da dama, kuma har yanzu akwai inda ba a ganinsa sai ranar karɓar gudummawa da duba katin baftisma.

Saura ƙarshen labarin, wanda masu sharhi da yawa suka karanta a matsayin tuba. Drumont ya amsa cewa ya kāsa, ya rufe mishan, ya sallami 'yan matan, ya shirya komawa Faransa. Akwai gaskiya cikin wannan amsawa, kuma ba kowane shugaba ne yake iya yin ta ba. Amma in an duba ta fuskar kiwo, tafiyar tasa ita ce ƙauracewar Tala ta sake dawowa da girma. Karo na farko ya bar mutane domin sun ba shi haushi, karo na biyu ya bar su domin ya ji kunyar kansa, kuma a duka biyun abin da yake ji a ransa ne ya yanke hukunci. Lokacin da ya fara sanin jama'arsa da gaske, da cutarsu da dabarunsu da abin da suke faɗa a bayansa, shi ne lokacin da ya fi dacewa ya zauna. 'Yan matan sun watse zuwa ƙauyukansu da cuta a jiki da sunan da ya ɓaci. Hanyar Vidal tana nan tafe, kuma wanda zai iya tsayawa tsakanin mutanen Tala da bulalar kumandan ya riga ya ɗaure akwati.

Ko Beti ya nufi mai karatu ya ga haka, ko kuwa shi a ganinsa tafiyar Bature ita ce mafita, littafin bai yanke ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ya daɗe. Shi kansa marubucin ya yi shekaru fiye da 30 bai taka ƙasarsu ba, ya dawo a 1991, daga baya ya buɗe kantin littattafai a Yawunde, ya rasu a Duwala a 2001. Shafukan ƙarshe ya bar su ga Denis, yaron da mahaifinsa ya miƙa wa mishan, wanda ya yi wa fada hidima da zuciya ɗaya, ya kuma yi kuka da zunubinsa fiye da kowa a Bomba. Mishan ta zama kango, ya koma gida, labarin aikin hanya yana ƙara matsowa, shi kuma yana tunanin ya gudu birni ya nemi aikin boyi a wurin wani ɗan kasuwa Bagirke.